Kafin ka sayi dima ko ƙwan da ake kunnawa da waya, tambayi abin da zai yi idan an ɗauke wuta

Kayan sarrafa hasken gida sun fara yawa a shagunan kayan wuta na Katsina da Dutsin-Ma. Akwai makunni mai juyawa da ke rage haske, wanda masu wayarin ke ce wa dima. Akwai sensa mai kunna fitila idan ta ji motsi, akwai taima, sannan ga ƙwan LED da ake ba umarni ta manhajar waya, ya koma ja ko kore ko ya dushe. Bidiyon tallarsu na ɗaukar hankali, musamman ga matashin da ke gyaran ɗaki zai yi aure.

Ni sana'ata rubuta manhaja ce, a Wurma nake zaune, kuma ina son irin waɗannan kaya. Amma mafi yawansu an ƙera su ne don gidan da wuta ba ta yankewa, ƙarfinta ba ya hawa da sauka, intanet kuma ba ta ɗaukewa. Gidajenmu ba su cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba. Mu masu rubuta manhaja akwai tambayar da muke yi wa kowane tsari kafin mu yarda da shi: ranar da abin da ya dogara a kai ya faɗi, shi ta wane gefe zai faɗi? Ita ya kamata a yi wa kayan haske. Me zai yi idan an ɗauke wuta an dawo da ita? Me zai yi idan babu sabis? Kuma tsohuwar da ke gidan za ta iya kashe shi da hannunta cikin dare ba tare da ta tashi kowa ba? Da wannan ma'auni, shawarata ita ce a bar dimar bango da ƙwan intanet a shago, a kai dabarar rage haske ɓangaren batir, inda take da riba ta gaske.

Abin da dima ke yi wa wuta

Wutar da KEDCO ke kawowa, a ƙa'ida, bolt 230 ce, mai kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa. Dimar bango ba ta rage wutar kamar yadda ake rage famfo. Datse ta take yi: a kowane zagaye sai ta hana wani yanki wucewa, ta saki sauran. Iya juyawar da ka yi, iya girman yankin da ta datse. Wani Ba'amurke mai suna Joel Spira ne ya ƙirƙiro irin ta gida a birnin New York a 1959, ya kafa kamfanin Lutron a 1961. Ƙwan da ake amfani da shi a lokacin shi ne mai zare a ciki, wanda ke zafi har ya ƙona hannu. Zaren nan ƙarfe ne da ake gasawa har ya yi haske, ba ya hucewa nan take, don haka datsewar ba ta bayyana a ido. Hasken kawai yake dushewa a hankali.

Ƙwan LED ba haka yake ba. A gindinsa akwai ɗan allon lantarki da ake kira direba, aikinsa ya karɓi wutar gida ya mayar da ita 'yar wuta madaidaiciya mai tafiya hanya ɗaya. Direban ƙwai na yau da kullum an gina shi ne ya riƙe haske a wuri guda ko da wutar da ke shigowa ta canja. Idan ka sa masa dima, ka haɗa faɗa ke nan: ita tana datsewa, shi yana ƙoƙarin cike giɓin. Sakamakon shi ne ƙyaftawa, ko ƙara kamar ta sauro daga makunnin, ko ƙwan ya ƙi dushewa har sai ka kai wani wuri ya mutu gaba ɗaya. Direban kuma yana wahala, ƙwan da ya kamata ya yi shekaru sai ya mutu da wuri.

Maganin da ake bayarwa a ƙasashen waje shi ne ka sayi ƙwan da aka rubuta "dimmable" a kwalinsa, ka haɗa shi da dimar da aka yi don LED. Dima iri biyu ce: mai datse farkon zagaye, wadda ita ce tsohuwar, da mai datse ƙarshensa, wadda ta fi jituwa da LED. Tsohuwar ma tana da mafi ƙarancin nauyin da take buƙata kafin ta yi aiki daidai, sau da yawa wajen wat 40, alhali ƙwan LED mai hasken tsohon ƙwan wat 60 bai wuce wat 9 ba. Duk wannan gaskiya ne, amma bai taɓo matsalarmu ba.

Matsalarmu ita ce ƙarfin wuta. Duk wanda ke ƙarshen layi ya san daren da ake kawo wuta fanka na juyawa da ƙyar. A irin wannan dare ƙwan da ke cetonka shi ne wanda aka rubuta wa 85 zuwa 265V a jiki, domin direbansa ba ruwansa da hawa da saukar wuta. Shi kuwa ƙwan da ke karɓar dima, an yi shi ne musamman don ya yi biyayya ga duk canjin da ya gani a layi, shi ya sa galibinsu 220 zuwa 240V ake rubuta musu. Ba shi da hanyar bambance hannunka a kan dima da maƙwabcin da ya tayar da injin walda ko tiransifomar da aka yi wa lodi. Ka biya ƙarin kuɗi ke nan don a cire wa ƙwan sifar da ta fi yi maka amfani a Kurfi.

Idan aka koma janareta ko inbata, abin ya ƙara lalacewa. Ƙaramin janareta ba ya riƙe ƙarfi ko saurin zagaye a wuri ɗaya. Inbata mai araha kuma wutarta ba mai santsi ba ce, tsalle take yi kamar matakala, ita kuwa dima da santsin zagayen take lissafin inda za ta datse. Sai ka ji tana ƙugi, hasken yana rawa. Masu sa wa ƙwai abin rage gudun fanka don su sami dima a banza, su daina. Don injin fanka aka yi shi.

Ban ce dimar bango ba ta da wurin zama ba. Wanda ke da babbar inbata mai tsabtatacciyar wuta, kuma duk fitilun gidansa daga gare ta suke sha dare da rana, zai iya sa dima mai datse ƙarshe da ƙwai mai karɓarta a falo ya ji daɗinsu. Amma ya sani jin daɗi ya saya, kada mai shago ya ce masa tanadi ne.

Ga lissafin. Ƙwan wat 9 da ya kwana a kunne awa 12 kullum, a wata yana cin yunit 3.24. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin A, masu samun awa 20 zuwa sama, naira 225 kowane yunit. Ko da wannan farashi, wanda ba namu ba ne, ƙwan ya ci naira 729 a wata. Ka rage shi rabi, ka tsira da abin da bai kai naira 400 ba. Wanda ba shi da mita kuwa, ana kawo masa bil na ƙiyasi, ko sisi bai rage ba. A zamanin ƙwan wat 100 dima na iya mayar da kuɗinta. LED ta riga ta cinye ribar.

Inda rage haske ke biyan kuɗinsa

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kunna janareta don fitila kaɗai ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Mutane sun koma sola, kowa daidai ƙarfinsa. A gidan sola ba naira ake ƙirgawa da dare ba, abin da ya rage a batir ake ƙirgawa, kuma a nan ne kowane wat ke da daraja.

Ɗauki batir mai bolt 12, 100Ah, irin mai dalma. A takarda yana ɗauke da wat-awa 1,200, wato zai iya ba da wat 100 na awa 12. Amma idan kana son ya daɗe, rabin nan kaɗai za ka riƙa taɓawa, wato 600. Ƙwai huɗu masu wat 9, daga magariba zuwa wayewar gari, sun cinye 432. Idan ta inbata suke sha, ita ma tana cin nata ko ba a jona mata komai ba. Duba takardar taka, amma mu ɗauka wat 15 ne: a awa 12 ya zama 180. Jimla 612. Fitila kaɗai ta haye iyaka, ba a sa fanka ba, ba a yi cajin waya ba. Irin wannan ne ke sa batir ya mutu kafin lokacinsa, a ce mai shago ya sayar da jabu.

Yanzu canja tsarin. Fitilun su zama na DC, masu sha kai tsaye daga batir, inbata ta kwana a kashe. Awa huɗu na farko a bar su da cikakken haske, lokacin cin abinci da karatun yara: 144. Sauran awa takwas a mayar da su kashi ɗaya cikin huɗu: 72. Jimla 216, kusan kashi ɗaya cikin uku na lissafin farko, kuma babu lungun da ya kwana a duhu.

Kada kashi ɗaya cikin huɗun nan ya tsorata ka. Ido ba ya auna haske kamar mita. Idan aka rage haske zuwa kashi 25 cikin ɗari, ido na ganinsa kamar rabi, kashi 10 kuma yana ganinsa kamar sulusi. Balle da tsakar dare, da ido ya saba da duhu. Hasken da zai nuna maka kunama a hanyar bayi bai kai wanda ake buƙata don karatu ba ko kusa.

Dimar DC ƙaramar aba ce mai araha, ana rubuta mata PWM. Kunnawa da kashewa take yi da saurin da ido ba ya kamawa, ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa, kuma tsawon lokacin da take barin wutar a kunne shi ke yanke yawan haske. Da yake batir ba ya rawa irin ta layin gwamnati, babu abin da zai ruɗa ta, kuma abin da ta rage a haske ta rage shi a ci. Sharaɗi ɗaya ne: ta fi jituwa da LED mai kama da ɗamara da ake mannawa a bango, da ƙwan bolt 12 marar direba mai wayo. Ƙwan DC da aka rubuta wa faɗin zango, kamar 12 zuwa 85V, shi ma gardama zai yi da ita kamar ɗan'uwansa na AC. A gwada a shago kafin a biya. Sannan wayar bolt 12 tana son kauri idan za ta yi nisa, kuma a sa fis kusa da batir. Batir ba ya ba da shokin, amma idan waya ta haɗu yana iya tayar da gobara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin masu sola sun riga sun mallaki na'urar kunna fitila da kanta, ba su sani ba. Shuɗiyar kantirolar nan mai ɗan allo da madannai uku, wadda ake sayarwa ko'ina, tana da ramukan waya shida: biyu na farantin sola, biyu na batir, biyu masu hoton ƙwai. Na ƙarshen nan su ake bari fayau, a je a jona fitila a kan batir. A galibin irinta, idan ka shiga saitin ramin ƙwan za ka ga 24H, ma'ana wuta kullum. Ka mayar da shi 0H, za ta kunna idan rana ta faɗi ta kashe idan gari ya waye. Ka sa 5H, za ta kunna bayan faɗuwar rana ta kashe bayan awa biyar. Farantin da ke kan rufi shi ne idonta: da ƙarfinsa ya faɗi ta san dare ya yi. Ƙari a kan haka, tana yanke fitilar idan batir ya yi ƙasa sosai, abin da jonawa kai tsaye ba ya yi. Ba ta buƙatar data, ba ta buƙatar agogo, ba ka ƙara ko kwabo ba. Inbata dai ba a jona ta a wannan rami, ya yi mata kaɗan.

Sensar motsi, zafi da akuya

Sensar motsi da aka fi sayarwa ita ce PIR, mai farin ƙoƙo kamar rabin ƙwai. Ba gani take yi ba. Ɗumin jiki take ji yana gilmawa ta gaban abin da ya fi shi sanyi. A lokacin hunturu tana aiki kamar me. A Afrilu da Mayu kuwa, da zafin Katsina ke haura digiri 40, katangar siminti na kwana da ɗumin da ya yi kusa da na jikin mutum, bambancin ya ragu, nisan da take ji ya gajarta. Ƙurar hunturu ita ma tana rufe ƙoƙon, sai ana gogewa. Kuma ba ta san mutum ba ta san dabba ba. A gidan da ake ɗaure awaki a tsakar gida, fitila za ta kwana tana kunnuwa tana mutuwa. Akwai wata iri mai aiki da rada, zafi ba ya damunta, amma ita jin nata ya yi yawa: tana ratsa ƙofar katako da siririn bango, labule ko reshen darbejiya ya motsa ta kunna.

Sensa ma tana cin wuta tana jira, abin da ba a faɗa a talla. Mu ce rabin wat. A awa 24 ya zama wat-awa 12. Ƙwan wat 5 a bayi, idan jimlar amfaninsa a rana awa ɗaya ce, ya ci 5. Mai gadi ya fi abin da yake gadi ci. Tana da riba ne kawai a inda ake mantawa da fitila a kunne har safe, ko inda ƙwan babba ne, kamar na ƙofar gida, ko inda hannu ke cike da kaya, kamar zaure da sito. A jikinta za ka ga 'yan maɓallai masu juyawa: TIME na tsawon lokacin da za ta bar fitila a kunne, LUX na duhun da za ta jira kafin ta fara aiki. Mai wayarin da ya ɗaura ta bai taɓa su ba, bai gama aikinsa ba.

Wani tarkon kuma ya shafi ƙwan nan mai caji, mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da haske idan an ɗauke wuta. Kusan kowane gida akwai shi. Yadda yake gane ko ya kunna shi ne yana lalubar layi ya ji ko makunnin bango a rufe yake. Sensar da ke shan wutar gida, da zarar an ɗauke wuta ta mutu, ta saki layin, shi kuma ya ɗauka kashe shi aka yi. Wato a daidai lokacin da ka saye shi dominsa, ba zai kama ba. Dima ma ba ta jituwa da shi. Ƙwai mai caji makunni na gargajiya yake so, a bar shi da shi.

Maganar da ta fi duk waɗannan nauyi ita ce tsaro. Daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, Safana da Batsari, ba sai an yi wa kowa bayani ba: akwai daren da gida ke buƙatar haske, akwai daren da ake buƙatar gari ya yi duhu ɗif, a fita da yara ta baya ba wanda ya gani. Fitilar da ke kunna kanta da ta ji motsi ba ta san wanne dare ne ba. Wanda ya zana ta ɓarawon da haske ke kora yake tunani. Saboda haka duk fitilar waje mai sarrafa kanta, dole a sa mata makunni na hannu a gabanta, a cikin ɗaki, inda babba zai kai hannu a duhu, kuma kowa a gidan ya san shi. Manyan fitilun sola na tsakar gida, masu haɗe da farantinsu da batirinsu a kan ƙarfe, nan suke da rauni: da rimot kaɗai ake kashe yawancinsu. Rimot ya ɓata ko batirinsa ya mutu, sai an nemo tsani. Idan ka ɗaura irinta, rimot ɗin ya sami ƙusa tasa a bango, kada ya zama abin wasan yara. A kuma sani cewa sensa da yawa na kunna fitila na ɗan lokaci duk sa'ad da wuta ta dawo musu, ko da ba abin da ya motsa.

Sensar hasken rana, mai kunnawa da magariba ta kashe da safe, ba ta da yawan rigima, in dai ba a ɗaura ta inda hasken ƙwan da take kunnawa zai dawo mata ba. Taima mai faifai kuwa ba ta da amfani a nan: da wuta take juyawa, an ɗauke awa shida ta yi lattin awa shida. Mai lambobi da ɗan batir a ciki ta fi, sai dai faɗuwar rana a yankinmu na tafiya daga wajen ƙarfe 6 a Nuwamba zuwa wajen 7 a Yuli, don haka sai ana gyara ta.

Ƙwan da ke jiran izini daga wata ƙasa

A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Kurfi da Dutsin-Ma na ciki. Sai a Disamba aka fara maido da su. Wajen wata uku mutane na tafiya wani gari don su yi kira ko su tura kuɗi. Duk wanda ya rayu a wannan lokaci bai kamata a sayar masa da fitilar da ke buƙatar intanet ba tare da ya yi tambaya ba.

Yawancin ƙwayayen Wi-Fi masu araha, ko wane suna aka buga a kwalin, da manhajar Tuya ko Smart Life suke aiki. Rajistarsu ta intanet ake yi, kuma umarni da yawa sai sun je kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa kafin su dawo ɗakinka. Wasu na karɓar kunnawa da kashewa ta rautar gida ko babu data, wannan gaskiya ne. Amma ƙwan ba shi da agogo mai batir. Daga intanet yake samun lokaci, don haka idan wuta ta ɗauke ta dawo babu sabis, bai san ƙarfe nawa ba ne, jadawalin da ka tsara masa ya tashi a banza. Ba mu kaɗai abin ke ci ba. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhaja ba ta aiki, sai bayan wata biyu wasu daga cikin masu amfani da kayan suka saye kamfanin suka tayar da shi.

Sai halinsa da wutarmu. Da yawansu idan wuta ta dawo da cikakken haske suke tashi, ko da ka kashe su ta waya kafin ka kwanta. Aka kawo wuta ƙarfe biyun dare, ɗaki ya haske fayau a kan jariri. Masu kyau suna da saitin da za ka ce su tuna halin da suke ciki, a nemi wannan kafin a saya. Mafi ban haushi, hanyar goge saitin yawancinsu ita ce a kashe a kunna sau uku ko biyar a jere. Layin da ke ɗaukewa yana dawowa lokacin iskar damina yana iya yi maka wannan da kansa, ka tarar da ƙwai yana ƙyaftawa yana neman a sake haɗa shi. Ga rauta da dole ta kwana a kunne tana cin wat biyar zuwa goma, wato kwatankwacin ƙwan da ake son a yi wa tanadi. Kuma da wani ya kashe makunnin bango, wayarka ba ta da sauran iko.

Akwai wanda sarrafawa daga nesa ke yi wa amfani na gaske: tsoho mai ciwon ƙafa, majinyaci, mai jego. Su ƙwai mai ɗan rimot, ko mai Bluetooth da ke magana da waya kai tsaye, ya wadatar, babu rajista babu data. Masu son harkar da gaske su nemi kayan Zigbee ko Matter da ke aiki a cikin gida ba sai an fita intanet ba. Wanda kuma ke koyon rubuta manhaja, ɗalibin FUDMA ne ko mai koyon kansa irina, wannan aiki ne mai kyau na gwaji: allon ESP32, ɗan agogon DS3231 mai batirin kansa, da tiransisto ɗaya, sun isa su rage hasken bolt 12 a kan jadawali. Lokacin faɗuwar rana ma lissafa shi ake yi daga kwanan wata da wurin da gari yake, ba sai an tambayi kowa ba. Ko a nan, makunnin hannu ya zo kafin allon.

Ga mai ginin sabon ɗaki, abu biyu zai gaya wa mai wayarin tun kafin a yi filasta. Na farko, ya sauko da wayar nyutural cikin akwatin kowane makunni. A al'adar wayarinmu mai wutar kaɗai ake kawowa, su kuwa makunnai masu wayo galibi suna buƙatar biyun. Waɗanda ba sa buƙata ta cikin ƙwan suke satar 'yar wutar da suke rayuwa da ita, shi ya sa LED ke 'yar ƙyalli ko an kashe shi. Na biyu, ya sa mazaunin ƙwai biyu a ɗakin kwana, kowanne da makunninsa: babba na aiki, da ƙarami mai wat 2 ko 3 na dare. Wannan ita ce dimar da ke aiki da wutar KEDCO, da janareta, da kowace irin inbata.

Ƙaramin ya zama mai ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta wa 2700K ko 3000K. Kasuwarmu farin 6500K ya cika ta, don shi ke ɗaukar ido a shago, amma shuɗin da ke cikinsa na jinkirta barci, kuma ƙwari sun fi taruwa a kansa da damina, abin da ya sa na ƙofar ɗaki ma gara mai ɗorawar. Kafin ka biya kuɗin kowane ƙwai ko dima, ka sa a kunna, ka buɗe kyamarar wayarka a yanayin bidiyo mai tafiyar hawainiya, ka nuna masa. Idan ka ga baƙaƙen layuka na gudu a allon, ƙwan na ƙyaftawa da saurin da ido bai kama ba, kuma irinsa na sa wa wasu ciwon kai idan sun daɗe suna karatu a ƙarƙashinsa. Dima kuwa a mafi ƙanƙantar haskenta ake yi mata wannan gwaji, don a nan aibinta ke fitowa.